Gyaran da Ba Ni Na Yi Ba

A sashenmu babu wanda ya kai ni ɗaga murya a kan manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ɗalibai ke kira AI. Ina koyar da ilimin aikin gona ne a wata cibiyar karatun digiri a nan Potiskum, irin wadda ake zuwa Asabar da Lahadi. Ɗalibanmu yawanci malaman firamare ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma, masu iyali, wasunsu ma sun girme ni. Duk farkon zango sai in tsaya a gaban aji in ɗaure fuska tamau, in ce musu duk wanda ya sa waya ta rubuta masa aiki, tun daga layin farko zan gane shi. Cika baki ne kawai, don a lokacin ko buɗe abin ban taɓa yi ba. Amma da ƙarfi nake faɗa, su kuma suna rubutawa a littafi.

Dokar sashen ma ni na tsara ta. Shugaban sashenmu, wani dattijo mai sanyin hali, ya so a tsaya a kan gargaɗi. Na ce sam. Duk wanda aka kama ya kawo kundin binciken da manhajar ta rubuta, to ya maimaita shekara, a kuma liƙa sunansa a allon sanarwa. Aka amince, don kowa ya san idan ba a amince ba taron nan ba zai tashi ba sai la'asar. Ranar na koma gida ina jin kaina.

Gara in faɗi inda wannan zafin nawa ya samo asali. A unguwar Yindiski ta nan Potiskum aka haife ni, amma kakana daga Kano ya zo da fataucin atamfa, kuma har yau a gidanmu ba za ka sami fartanya ba sai ta aro. Noma a littafi na koye shi, don a wannan kwas ɗin na sami gurbi. Ga ni ina koyar da aikin gona a garin da tireloli ke lodin gero da wake kowane mako, a gaban mutanen da tun suna rarrafe ake ajiye su a gindin bishiya a gona. Abin da na fi su shi ne Turanci da jan biro. Sai na haɗa da saurin faɗa, don kada wani ya sami bakin yi min tambaya ta biyu.

Cikin ɗaliban da aka ba ni in duba kundinsu a wata shekara akwai wata malamar firamare daga Gadaka. Za ta yi arba'in da 'yan kai. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce min Malam. Shekara huɗu tana biyo motar farko ranar Asabar, ta kwana a gidan wata 'yar'uwarta a Danchuwa, ta koma Lahadi da la'asar. Ba ta da surutu, ba ta kuma taɓa makara ba ko da damina. Hausarta irin ta wadda ta koye ta a kasuwa da makaranta ce, takan ce ya zo alhali mace take nufi, Turancinta kuwa sai ka yi haƙuri da shi. Ni da bakina na sha tsokanarta a aji a kan haka, sai ta yi murmushi ta rufe baki da gefen mayafi. An yi mata alkawarin shugabancin makarantarsu idan ta kawo digiri, kuma kowa a ajin ya san da wannan magana, har abokanta sun fara kiranta Hedimisturas.

Batun da ta zaɓa shi ne yadda tsofaffin matan unguwarsu ke adana irin wake daga kaka zuwa shuka ba tare da maganin kasuwa ba. Ta ce mahaifiyarta ce aka fi sani da wannan aiki, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa neman iri a wurinta, kuma da ita za ta yi yawancin hirar. Na sa hannu na ce ta je ta fara. Ba don na ga darajar batun ba ne, layi ne ya yi tsawo a ƙofar ofis.

Ɗaliban da ke hannuna a shekarar sun haura hamsin, kowanne da babi biyar. Takardu suka cika tebur, suka sauka ƙasa, suka hau kujerar baƙi. Abokin ofishina wani Babarbare ne sa'ana, mai yawan raha, wanda ba ya kirana da komai sai Bakano. Wata rana ya shigo ya tarar ina zagin wani kundi ni kaɗai.

Ya ce, "Bakano, haka za ka kashe kanka a bar mu da gadon takardu. Zo ka gani."

Ya buɗe manhajar a kwamfutarsa, ya zuba mata wani sakin layi mai karyayyen Turanci, kafin in gyara zama ta dawo da shi sumul.

Ya ce, "Tana rage aiki. Amma fa ka karanta abin da ta ba ka, layi-layi. Tana da ƙarin gishiri, kuma ba ta jin kunya."

Na yi masa wa'azin rabin awa a kan amana da mutuncin malanta. Ya saurara yana dariya. Washegari da ya tafi aji, na rufe ƙofa na buɗe ta a kwamfutata.

Da wasiƙar ofis na fara. Daga nan tambayoyin gwaji. Sati biyu bai cika ba na kai ga kundin ɗalibai, ina gaya wa kaina ai Turanci kawai take gyarawa, kuma gyaran Turanci ba rubuta aiki ba ne. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar kuma in shiga aji in ci gaba da razana mutane.

Malama ta kawo babi na huɗu a filashi daga shagon da ake buga mata takardu. Shi ne babin da ke ɗauke da sakamakon hirarta, wato zuciyar aikin. Na buɗe, na duba jimlar farko, na ga kuskure uku a cikinta, raina ya ɓaci. Na kwashe babin gaba ɗaya na zuba wa manhajar. Na rubuta mata cewa ta gyara Turancin, ta mai da shi irin na masana, ta kuma ƙarfafa shi. Wannan kalma ta ƙarshe ban ko tsaya tunanin me nake nufi da ita ba. Kafin shayina ya huce ta gama. Na gungura shafukan da sauri, na ga jimloli sun miƙe, na buga a takarda. Sannan na ɗauki jan biro na sa waƙafi nan da can, na ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyu-uku, don ya yi kama da aikin da mutum ya sha wahala a kai. Nata ban karanta ba, na manhajar ma ban karanta ba.

A wurinmu gyaran malami ba shawara ba ne. Abin da mai duba kundinka ya miƙo maka, shi za ka kai shago a buga yadda yake, ko da ka ga wani abu a ciki. Haka aka yi mana, haka muke yi, kuma ni na fi kowa cin moriyar wannan ɗabi'a. Malama ta karɓi takardun da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta yi godiya har sau uku.

Asabar ta gaba ta dawo. Ta jira layi ya zo kanta, ta shigo ta tsaya daga bakin tebur da takardun a ƙirji.

"Malam, ina da 'yar magana a kan gyaran."

"Ina jin ki."

"Wurin da aka sa ganyen darbejiya. Shi Mama bai faɗi..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Kaina na ciwo, mutane na leƙowa ta taga, kuma na ɗauka so take a mayar mata da karkataccen Turancinta. A ƙasan wannan kuma akwai tsoro, don ban san darbejiyar da take magana a kai ba, kuma idan ta ci gaba za ta gane ban sani ba.

Na ce, "Malama, koyo kika zo yi nan ko koyarwa? Na zauna na gyara miki babi sukutum, shi ne za ki dawo ki gyara min nawa?"

"A'a, Malam. Allah ya huci zuciyarka."

"Ki kai a buga."

Ta ce to. Ta fita ta ja min ƙofa a hankali, na kira na gaba.

Ranar kare kundi ta faɗo cikin tsakiyar zafi, kafin ruwan farko. Babu wuta, janareta kuma fanka ɗaya yake iya ja. Mu huɗu ne a kan tebur: ni, da shugaban sashe, da abokin ofishina, da baƙon farfesan da aka gayyato daga wata jami'a don ya yi jarrabawar. Tsoho ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, kuma ajiyar hatsi ce fanninsa. Tun da na ga kundin da ke gabansa duk ya nannaɗe kusurwar shafuka na sha jinin jikina, don alama ce ta mutumin da ya karanta komai.

Malama ta shigo cikin sabuwar atamfa. Ta yi bayaninta da Turancinta mai tuntuɓe, amma ba ta ruɗe ba. Farfesan ya bari ta gama, sannan ya juya harshe zuwa Hausa.

"Malama, mahaifiyarki shekarunta nawa?"

"Ya haura tamanin, ranka ya daɗe."

"Ta yi boko?"

"A'a."

Ya buɗe babi na huɗu ya karanta wani wuri da aka ce maganar tsohuwar ce. Wai ta ce daga malaman gona ta koyi haɗa wake da garin ganyen darbejiya, kuma tana zubawa a jarkar roba mai murfin da iska ba ta shiga, domin rage asarar bayan girbi. Ya ajiye tabarau.

"Haka ta faɗa miki?"

Malama ta dubi shafin da ya buɗe.

Ya juya zuwa shafin manazarta. Ya ce akwai littattafai biyu da babin ya jingina da su, ya neme su ko'ina bai samu ba. Ba littattafan kaɗai ba, marubutan ma babu su. Ya faɗe shi ba tare da fushi ba, kamar mai ba da labarin hanya.

A nan na gane abin da na yi. Na ce wa manhajar ta ƙarfafa, ta kuwa ƙarfafa: ta cire abin da ba ta sani ba, ta sa abin da aka saba rubutawa, ta ƙago masana biyu su tsaya mata shaida, ta kuma sa duka a bakin wata tsohuwa a Gadaka.

Farfesan ya ce, "Kin yi amfani da AI?"

"Ban yi ba, ranka ya daɗe. Ban ma iya shi ba."

"To wa ya rubuta wannan?"

Ta ɗago ta dube ni. Kallon bai daɗe ba, ina jin babu wanda ya lura sai ni da abokin ofishina. Ba kallon zargi ba ne. Kallon mai jiran babba ya fara magana ne, don a wurinmu ɗalibi ba ya nuna malaminsa da yatsa a gaban baƙo. Na sunkuyar da kai ina juya biro a hannu.

Ta ce, "Kuskurena ne."

Shugaban sashe ya juyo gare ni. "Malam, kai ba ka lura ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai sun fi hamsin a hannuna. Ba kowane layi ido ke kamawa ba."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikin wannan amsa, kuma ita ce mafi munin abin da na taɓa faɗa a rayuwata. Na sami dama biyu a cikin minti guda, na bar su duka suka wuce. Abin da nake gani a idona a lokacin fuskokin ɗalibai ne idan suka ji cewa mai wa'azin nan shi ne ɓarawon. Shekara huɗun matar nan ko zuwa raina ba su yi ba.

Aka ɗauko dokar da na rubuta aka karanta mata. Za ta maimaita shekara. Muka sa hannu, nawa ne na uku. Kafin la'asar sunanta na kan allon sanarwa, ɗalibai sun yi cincirindo suna karantawa.

Ina ofis ina tattara jaka ta zo bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Malam, zan wuce. A yi haƙuri da abin da ya faru, na ba ka kunya a gaban baƙo."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan.

Abokin ofishina bai ce min uffan a kan maganar ba, ranar ko bayanta. Sai dai daga wannan rana bai ƙara ce min Bakano ba. Ya koma Malam, da ladabi, yana gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin, lokacin da cibiyar ba kowa sai masu shara, na buɗe kwamfuta na nemo babin da ta kawo min tun farko. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Turancin na nan yadda na sani, amma bayan shafi biyu na daina ganinsa.

Babu darbejiya a ciki, babu jarka. Tsohuwar tana ware kwanson da ya fi cika tun a gona, ta shanya waken a tabarma har sai ta ciji ƙwaya ta ji ta fashe da ƙara. Toka take amfani da ita, amma ba ta murhu ba, ta karan gero, wadda ta kwana ta huce aka tankaɗe. Tana haɗa ta da yashi mai laushi, ta zuba a tulu hawa-hawa, toka, wake, toka, har wuya. Sai ta liƙe bakin da yumɓu, ta binne gindin tulun a ƙasan ɗaki, nesa da bangon da rana ke duka. Ba ta buɗewa da ruwan farko, don ta ce ruwan farko yana yaudarar mutane, sai na biyu ya sauka. Malama ba ta tsaya ga hira ba. Ta cika tulu uku da hannunta, ɗaya yadda uwar ta ce, ɗaya da tokar murhu, ɗaya babu komai, ta buɗe su bayan watanni ta ƙirga ƙwayoyin da ƙwari suka huda. Ta rubuta maganar uwar da yarensu, ta fassara a ƙasa, har inda tsohuwar ta yi mata faɗa don ta tankaɗe tokar da gaggawa.

Fiye da shekara goma ina duba kundi, ban taɓa samun wanda ya koya min wani abu kamar wannan ba. Na zauna a ofis ɗin nan na ji kunya irin wadda ke sa mutum ya kasa miƙewa.

Zan so in ce washegari na je na faɗi gaskiya. Ban je ba. Damina guda na yi ina lallashin kaina. Na ce ai shekara ɗaya ce, za ta dawo, in ba ta kulawar da ban taɓa ba kowa ba, shi ke nan an rama. Na ce idan na tona, sashen ne zai ji kunya. Na ce ai ita ma ta ga kuskuren ta buga shi. Wannan dalili na ƙarshe shi na fi riƙewa, duk da na san wa ya rufe mata baki ranar da ta zo faɗa.

Sabon zango ya zo aka yi rajista, babu ita. Na tambayi wani ɗalibi daga ɓangarensu, ya ce an ba wani shugabancin makarantar. Ya ƙara da cewa labari ya kai can, ana cewa an kama ta da satar aiki a Potiskum, har wasu iyaye na magana. Ya faɗa min ne da tausayina, wai ta ɓata min suna.

Da aka fara girbi na shiga ofishin shugaban sashe na rufe ƙofa. Na ajiye masa babin biyu, nata da na manhajar, na faɗa masa komai har da jan biron. Ya daɗe yana duba takardun.

Ya ce, "Malam, da ka faɗi wannan a ɗakin nan ranar, minti biyar ya ishe mu."

Aka kai maganar kwamiti. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga duba kundi na shekara guda, wanda ni kaina na san rangwame ne. Aka cire sunanta daga allo, aka rubuta mata wasiƙa cewa ta dawo ta kare kundinta da babinta na asali ba tare da maimaita komai ba. Dokar ma an sake ta. Yanzu duk wanda ya yi amfani da manhajar, ɗalibi ne ko malami, sai ya rubuta a shafin farko inda ya sa ta da abin da ya ce ta yi, kuma ba a zuba mata hirar da aka yi da mutane don ta gyara. Na daina laccar razanarwa. Ina buɗe manhajar a gaban aji, mu tambaye ta abin da su suka fi ta sani, su ga inda take taimako da inda take zuba ƙarya da fuska a sake. Har yanzu ina amfani da ita, tana da amfani ƙwarai. Ba ita ta ɗauki jan biro ba.

Na ce ni zan kai wasiƙar da kaina. A hanyar Gadaka, gonaki sun cika da dami, ni kuma ina ta shirya magana a raina. Gaskiya ina jin wani ɗan daɗi, irin na wanda ya taho da albishir. Har na hango yadda za ta yi murna.

Na sami gidan da tambaya. Ta fito ta gan ni, mamaki ya bayyana a fuskarta, amma nan da nan ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ta kawo ruwa. Ta kai ni na gaida mahaifiyarta, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ke zaune tana ɓarar wake a faranti. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, Malama ce ke fassara. Ta ce wai an gode, wai ɗanta ne ni, wai Allah ya saka da wahalar da nake yi da 'yarta. Na gane ba a gaya mata komai ba. Na amsa da amin.

Muka koma zaure. Na miƙa mata wasiƙar, ta karanta a hankali har ƙarshe, ta ninke. Sannan na faɗa mata. Na ce babin da na ba ta ba ni na rubuta ba, manhajar nan ce, ni na zuba mata aikinta, ni na buga, ni na yi shiru ranar jarrabawa. Na ce ta yafe min.

Ta dubi wasiƙar a cinyarta.

"Ashe ba ma kai ka rubuta ba."

"Ba ni ba ne."

"Ni na ɗauka kai ne, Malam. Na ce mutum ne, aiki ya yi masa yawa, ya tuna wani littafi ya sa ba daidai ba. Na ce malamina ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan aikina, ba zan tsaya gaban baƙo in kunyata shi ba. Shi ya sa na ce ni ne." Ta ɗago kai. "Da na san waya nake rufa wa asiri, da na yi magana."

Ba ta ɗaga murya ba. Na ce mata kundin nata ya fi duk wanda na taɓa gani, farfesan ma an aika masa ya yaba, ranar da duk ta shirya za a zauna saboda ita kaɗai. Na ce zan je makarantarsu da kaina in yi bayani a gaban kowa. Ina ta jero magana, tana gyaɗa kai. Da na gaji na yi shiru, sai ta ce za ta yi shawara. Mu duka mun san abin da hakan ke nufi.

Na fara neman takalmina, sai ta ce, "Malam, in tambaye ka abu ɗaya?"

"Tambayi."

"Nawa ɗin, wanda na kawo maka a filashi. Ka karanta shi kuwa?"

Na ce, "Na karanta. Amma sai bayan an gama komai."

Ta ce, "Wata takwas na yi a kansa."

Ta miƙe ta ce in jira, an ɗora abinci, baƙo ba ya tafiya haka. Ta shiga ciki ta bar wasiƙar a kan tabarma.